Soron Inna da Lamunin Damina

Masana sun daɗe suna jayayya a kan abin da yake riƙe da duniya. Wasu sun ce adalcin sarakuna ne, wasu sun ce tawadar malamai, fatake kuwa suka yi shiru, don sun san amsar kuma ba sa so a sa mata kuɗin fito. Ni dai na yi karatu gwargwadon hali, na zauna cikin Sakkwato tun ganuwarta ba ta gama bushewa ba, kuma abin da na tabbatar shi ne kwanciyar hankalin ɗan Adam, da mutuncinsa a idon maƙwabta, har da biyayyarsa ga iyaye, duk a bakin indararo suke rataye. In indararo ya zauna daidai, ruwan da ya sauka bisa soro ya bi hanyarsa, mai gida ya bi tasa. In bai zauna daidai ba, to, sai irin abin da ya same ni.

Sana'ata koyar da nahawu ce a zaurena, ga magidanta masu gemu waɗanda suka gano a makare cewa sun shekara suna karanta abin da ba su san ginuwarsa ba. Mahaifiyata kuwa tana ƙauye, can gefen gulbi, ita kaɗai a ɗakin ciyawarta tun rasuwar mahaifinmu. Gwiwoyinta sun soma ƙi mata, rijiya kuma da nisa. Ba ni da wani buri a lokacin da ya wuce in ɗauko ta ta ƙarasa kwanakinta a gidana, inda zan riƙa jin tarinta.

Sai dai ni ɗan farinta ne. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma taɓa duba na ta yi mini magana kai tsaye ba. In tana da saƙo gare ni, sai ta faɗa wa abin da ya fi kusa da ita, ko turmi, ko tsintsiya, ni kuma in tsinta daga gefe. Haka na tashi, har ya zama in na ga Inna ta juya wajen turmi sai in gyara zama.

Na je na durƙusa, na yi mata bayanin soron da zan gina mata a birni, mai sanyi da rani, mai ɗumi da sanyi, wanda gobara ba ta ci. Ta saurara har na ƙare. Sannan ta dubi akuyarta ta ce, "A hwaɗa ma mutanen birni, ni ba ni kwana ƙarƙashin ƙasa ina da rai. Akwai lokacinta."

Ƙanwata ce ta shiga tsakani, ta yi ta lallashi har Inna ta sauko da sharaɗi guda. A gina soron. In ya ci damina ɗaya cur bai ɗiga ba, a zo a ɗauke ta.

Maginin da na samu mutum ne mai kyawun tsayi da daɗin baki. Ya lissafa mini gine-ginen da ya yi, masallatai da zaurukan attajirai, kuma na lura dukansu a garuruwa masu nisa suke, amma a lokacin na ɗauki wannan alamar shahara. Da yake na san sharaɗin Inna, ban yarda an kwaɓa ƙasa ba sai da na nemi lamuni a gaban shaidu biyu: maƙwabcina mahauci, da wani ma'aunin hatsi da muke sahu ɗaya a masallaci. Magini bai ko yi gardama ba. Ya dafa wuyansa ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, soronga shina wuyana har damina ta wuce. In ɗigo guda yas sauka, in zaka in gyara, da ƙasata da azarata da gumina."

Mahauci ya ce, "Mun ji. Allah shi sa wuyan shi yi ƙwari."

Aka yi gini cikin rani. Gaskiya ɗakin ya yi kyau. An jera tubali, an shimfiɗa azara, an zuba ƙasa bisa an daɓe, an shafe bango da makuba har yana ɗaukar ido, ga zankaye a kusurwoyi kamar kunnuwan zomo. Masu wucewa zuwa marina sukan tsaya su yi mini barka. Rannan na hau tsani tare da magini don in ga saman, sai na ga indararon, wato bututun da ruwa zai bi ya fita, an dasa shi a jikin rawanin soron sama da daɓen da kamar taƙi guda. Ban san gini ba, amma na san ruwa ba ya hawa tudu. Na tambaya.

Ya yi murmushin da ni kaina nakan yi wa ɗalibi in ya yi tambayar da ba ni da amsarta. Ya ce, "Malam, ni na taɓa shiga zaurenka in gyara maka wasali? Ruwa in ya hita da gaggawa, bango shika wankewa. Gara shi tsaya shi natsu, shi hita da ladabi."

Na shekara ina koya wa mutane falalar natsuwa, ban ga yadda zan hana wa ruwa ita ba. Muka sauko.

Ruwan farko ya zo da la'asar, daga gabas, da iskarsa. Ya sauka bisa soron Inna, ya tsaya, ya natsu, kamar yadda aka yi alkawari. Da ya ga ƙofar da aka yi masa ta fi ƙarfin hawansa, sai ya nemi wata, ya same ta ta tsakanin azara. Na fara tara akushi ɗaya. Kafin ruwan ya ɗauke na kwashe ƙoren uwargida da kasko da tukunyar miya, har ta leƙo ta tambaye ni ko a tafin hannu zan ci tuwo. Da marka ta kankama, saman soron ya zama tafki sosai. Kwaɗi suka tare a can, suna kuka daga sama, abin da ban taɓa karantawa a wani littafi ba. Mahauci ya ce in na ga dama in zuba tarwaɗa, a rage asara.

Na tafi neman magini, aka ce yana gona. Ashe duk maginin da ke birnin nan manomi ne da damina, ba wanda ya gaya mini. Na tarar da shi tsakiyar gero da fartanya, ya tare ni da fara'a kamar na zo taya shi noma.

"Malam da kanka? Lahiya dai?"

Na ce soro yana zuba.

"Subhanallahi. To, ai ba a yaɓe cikin damina, ƙasa ba ta kamawa. A bari ruwa shi ɗauke."

Na ce, lamunin fa?

"Shina nan, Malam. Shi ba shi jiƙewa."

Ruwa ya ɗauke, aka yi kaka, aka shiga rani. Magini ya zo da kansa, ba sai da na aika ba, wannan na shaide shi. Ya shiga ɗakin ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ina ɗigon?" Na nuna masa sawun ruwa a bango, layi-layi tun daga sama har ƙasa. Ya shafa ya ce wannan ƙasa ce take nuna jinsinta, ƙasa mai kyau ita ke yin haka. A nan na gane cewa aibin soro iri ne na musamman a cikin aibobi: lokacin da ake ganinsa ba a iya gyara shi, lokacin da ake iya gyara shi kuma ba a ganinsa.

Na kai ƙara wurin wani alƙali, tsohon abokin karatuna. Na karanto masa babin lamunin masu sana'a tun daga farko, da saɓanin malamai a ciki, da abin da ya fi rinjaye. Ya saurara da jin daɗi, bai gyara mini ko harafi ba. Sannan ya nemi shaidu. Mahauci ya ce ya ga ɗigo da idonsa, har ya sauka masa a ƙeya. Ma'auni kuwa, mutum mai tsoron Allah ƙwarai, ya ce shi ya ga ƙore cike da ruwa, amma bai ga inda ruwan ya fito ba, domin in ana ruwa yana wurin hatsinsa, kuma ba zai sayar da lahirarsa a kan ƙwarya ba. Shaida ta zama ɗaya da rabi. Alƙali ya ce a sha'anin sana'a al'adar masu ita ce abin komawa, in je wurin dattijon da maginan ɓangarenmu suke kai wa rigimarsu. Ya raka ni har bakin zaure, ya ce karatuna yana nan yadda ya san shi.

Dattijon magina tsoho ne mai nauyin magana, yana zaune bisa buzu, yatsunsa sun kanannaɗe saboda shekarun kwaɓa. Maginina ya durƙusa ya kira shi kawu. Ban ji daɗin wannan ba, amma da na bincika sai na tarar gini gado ne, ba maginin da zan kawo a wannan yanki wanda ba zai kira shi kawu ko baffa ba.

Tambayar dattijo ta farko ba ta shafi indararo ba. Ya ce, "Wa ka kwana cikin ɗakin?"

Na ce, ranka ya daɗe, ba kowa. Mahaifiyata na gina wa, ita kuma ta ce sai ya ci damina.

"An hura wuta ciki?"

Na ce a'a.

Ya girgiza kai, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa kamar mai yi masa jaje. "Malam, soro da numhwashin mutum shika kamawa, da hayaƙi. Hayaƙi shi ka busar da azara shi kori gara. Ɗakin da ba a shiga ba, daminar da tab bi ta kanshi ba ta shiga lissahi. Wagga al'ada ta tun kakanni." Ya ce in kwantar da hankalina, labarin mai daɗi ne: lamunina bai ƙare ba, don bai ma fara ba.

Na fito ina juya maganar. Inna ba ta shiga sai soro ya ci damina, soro kuma ba ya cin damina sai an shiga. Masu ilmin manɗiƙi sun tabbatar cewa abu biyu ba sa dogara da juna haka, mustahili ne. Ga shi kuwa a tsakar gidana, da zankayensa.

Labari ya zo daga ƙauye cewa Inna ta faɗi a hanyar rijiya, ta kwana biyu ba ta taka ba. Ban ga zan iya jiran wata damina in sake jiran wani rani ba. Mahauci ne ya kawo dabara, muna zaune yana fifita da mafici. Ya ce, "Kai Malam, karatu ya cika maka kai. Sun ce a shiga, shiga. Sun ce hayaƙi, yi musu hayaƙi. Ruwa kuma ba sai ka jira na sama ba, ga masu salka nan cike da gari. Mu yi musu damina gaban idonsu."

Na kwashe buzuna na tare a soron Inna cikin bazara. Wanda ya san bazarar Sakkwato ya san ko ƙadangare inuwa yake nema. Ni kuwa ina cikin ɗaki a rufe, da wuta a murhu, ina yi wa azara hayaƙi. Ɗalibaina suka riƙa zuwa darasi suna tsayawa daga bakin ƙofa, ina yi musu i'irabi ta cikin hayaƙi, idona yana hawaye. Wasu suka yaɗa cewa na shiga halwa, har wata tsohuwa ta aiko da goro in sa jikanta a addu'a. Da azara ta yi baƙi, ni ma na yi, sai na je na roƙi dattijo ya tako ya gani da idonsa. Ya yarda, na aika masa da jaki.

Ranar gwaji gidana ya cika. Na shimfiɗa wa dattijo tabarma a tsakiyar ɗakin, inda na san akushi ya fi saurin cika. Na zaunar da ma'auni kusa da shi, na roƙe shi don Allah ya riƙa kallon sama. Masu ruwa suka kafa tsani, suka yi ta hawa da salkuna suna juyewa, mahauci yana ƙasa yana ba da umarni kamar shi ya aiko da hadarin. Aka zuba wa azara ido. Can sai ga ɗigo ya taru a jikin azara, ya yi nauyi, ya sako, ya sauka tsakiyar rawanin dattijo. Wani ya biyo shi. Ma'auni ya ce, "Yanzu kam na gani." Ban taɓa jin daɗin jimla irin wannan ba, ko a cikin littattafan balaga.

Magini bai motsa ba. Ya bari dattijo ya matsa gefe ya goge fuska, sannan ya ce a hankali, "Kawu, ni tambaya guda gare ni. Ƙahwahun wa anka ji bisa soronga yanzu?"

Dattijo ya ɗaga kai. Ana jin takun masu ruwa dim, dim, suna kai da kawowa.

"Malam," in ji dattijo, "kai kas sa su hawa?"

Na ce, to ta ina za su zuba ruwan, ranka ya daɗe?

"Wanga kuma ban sani ba. Abin da nis sani, soron da ƙahwar wani tat taka, ba ta mai ginin ba, ya hita wuyan magini. Wa ya san abin da dugadugansu sunka hwasa? Da ka tambaye ni."

Mahauci ya ce, "Ranka shi daɗe, da kai anka zaka, kana kallo sunka kahwa tsani."

"An kira ni in ga ɗigo," in ji dattijo, "kuma na gani."

Haka na tabbatar da aibin a gaban shaidu biyu cikakku, na kuma kashe lamunin, duk a zama ɗaya. Amma dattijo ba azzalumi ba ne. Ya ce tun da abin na mahaifiya ne, a yi sulhu: ɗan 'yar'uwarsa zai gyara, ba don wajibi ba, don alheri. Aka shafa fatiha. Magini ya riƙe hannuna ya ce shi bai riƙe ni da komai a zuciya ba.

Na zaci zai sauko da indararon, aikin da ba zai kai azahar ba. Amma sauko da shi amsa laifi ne, alheri kuwa ba ya amsa laifi. Sai ya kawo jakai da ƙasa, ya yi ta zubawa bisa soron yana daɓewa, har daɓen ya taso ya tarar da indararo inda yake. Ya kira ni na leƙa daga kan tsani, ban taka ba, na koyi darasi. Ya ce, "Ka gani? Sun daidaita."

Sun daidaita a gefe. A tsakiya kuwa azara ta ji nauyin da ba a yi shawara da ita ba, ta soma lanƙwasa kamar bayan tsohon jaki. Na aika, ya zo ya kafa gwafa ya tokare. Gefen gwafar ya lotsa, ya kawo wata. Inda ya lotsa daga ciki ya zama kwari daga sama, sai ya ƙara ƙasa ya cike kwarin, ƙasar ta nemi wata gwafa. Duk wannan alheri ne, ba ni da bakin cewa ya isa. Kafin hadari ya fara haɗuwa, mutum ba ya iya miƙe ƙafa a ɗakin sai ya lanƙwashe kamar lauje, in zai fita kuma sai ya tuna hanyar da ya bi ya shigo.

Ina cikin tunanin yadda zan je in faɗa wa turmin Inna wannan labari, sai ga ta da kanta, bisa jaki, ƙanwata tana jan akala, akuya tana biye. Ashe labarin soron ya riga ni isa, har ana ba da shi a bakin rijiya. Na rasa inda zan sa kaina. Aka sauko da ita, ta dogara sandarta, ta taka a hankali har ƙofar soron. Ba ta shiga ba. Ta leƙa, ta daɗe tana duban gwafannin nan, ta ɗaga kai ta dubi baƙar azara. Sannan ta juya wajen akuya.

"Ke kam kin samu," ta ce. "Ga turaku sai kin zaɓa."

Na tabbata daga nan sai ta nemi jakinta. Sai ta juya ta bi tsakar gida tana dogarawa, ta wuce madafa, ta wuce rumbu, ta tsaya gindin kurnar da ke kusa da zaurena, inda in na ɗaga murya a darasi ana ji. Ta buga sandarta a ƙasa, ta ce wa kurnar, "An ce wani ya kwashe bazara cikin hayaƙi kamar kihi. A hwaɗa mishi ya isa. In akwai shucin jinka cikin birninga, nan wurin ya yi."

Na shiga zaure na ɗan zauna, don hayaƙin bai gama fita daga idona ba.

A ɗakin ciyawar nan Inna ta yi sauran shekarunta, ina jin tarinta da safe, tana jin i'irabina, in na yi tsawa ga ɗalibi ta faɗa wa kurna cewa wasu ba su da haƙuri. Ɗigo bai taɓa sauka a kanta ba. Akuya ta tare a soro, ta hayayyafa, kowace 'ya da turkenta, kuma da damina sukan taru a kusurwar da ba ta zuba.

Wanda ya yi mana jinkar wani bawan Allah ne mara yawan magana, mahauci ya kawo shi. Ya ɗaura tanka a ƙasa, ya baibaye, aka taru aka ɗaga aka aza. Ni kuwa da na riga na ƙone, ban bar shi ya tafi ba sai da na tsare shi da tambaya. Na ce ina lamuni? Ya ce in ta ɗiga a ƙara ciyawa. Na ce to wa da wa ya taɓa yi wa aiki, kuma ina so ya ambata mini na cikin garin nan, waɗanda zan iya takawa in tambaya. Ya ambaci wani majemi, da wani mai sayar da gishiri, sannan ya ce ai akwai ma waɗanda na sani. Shi yake baibaye ɗakin kwanan maginina duk shekara, da na kawunsa.